Haɗa NIN da layin waya: ya rage garkuwa da mutane, ko wahala kawai aka sha?

Malam Lawal: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana ina so masana su warware mana ita. A watan Disamba 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, babban dalilin da aka bayar kuwa tsaro ne: duk wanda ya buga waya yana neman kuɗin fansa za a san ko wane ne. Aka yi ta ƙara wa'adi, ranar 4 ga Afrilu 2022 aka toshe kira a layuka sama da miliyan 70, wa'adin ƙarshe ya cika 14 ga Satumba 2024. A cikin wannan tsakanin aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, aka kwashe ɗalibai a Kuriga a Maris 2024, kuma ta waya masu garkuwar suka riƙa aiko da buƙatunsu. Ni dai a ganina aikin nan bai tsinana komai ba ta fuskar tsaro. Wanda yake da hujja ya kawo.

Alhaji Sule: Wa alaikumus salam. Malam, "komai" ɗin nan ya yi yawa. Ka tuna yadda ake sayar da layi mai rijista a faranti a bakin tasha, da sunan da ba a san mai shi ba. Rijistar layi tun 2011 aka fara ta, amma kowane kamfani nasa rumbun yake tarawa, ba mai gwada sunan da wani wuri na biyu. A 2015 sai da hukumar sadarwa ta NCC ta ci MTN tarar dala biliyan 5.2 kan layuka miliyan 5.1 da ba a yanke ba, daga baya aka daidaita a kan naira biliyan 330. Da aka fara gwada layuka da rumbun NIMC, hukumar da ke bayar da NIN, NCC ta ce ta tarar da mutanen da ke riƙe da layi sama da 100,000 kowannensu. In ba don wannan aikin ba, wa zai gano su?

Injiniya Kabiru: Alhaji ka yi gaskiya a kan wannan, amma abin da Malam ya tambaya daban ne. Bari a rabe abubuwa uku da mutane ke haɗawa waje guda.

Na farko lambar layi, wadda NIN ke ɗaure da ita. Amfaninta ɗaya ne, ta faɗi sunan wanda ya yi rijista. Na biyu lambar IMEI, mai lamba 15, wadda ke jikin wayar kanta. Ka danna *#06# za ka ga taka. Ko ka sauya layi sau goma, kamfani yana ganin waya ɗaya ce. Na uku bayanan kira: wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa, kuma wane ƙarfen sabis ne ya ɗauki kiran. Mai neman inda ɗan bindiga yake, na biyu da na uku yake buƙata, kuma kamfanoni suna da su tun kafin a yi zancen NIN.

To yaya ake gane wuri? Ƙarfen sabis yawanci fuska uku gare shi, kowace tana kallon kashi ɗaya cikin uku na kewaye. A cikin Kano ko Kaduna ƙarafan a kusa da juna suke, waya tana jin uku ko huɗu lokaci guda, sai a haɗa su a matse wurin zuwa 'yan layukan unguwa. A bakin daji kuwa sau da yawa ƙarfe ɗaya tak wayar ke ji. A tsarin 2G, wanda shi ne ke kaiwa nesa, ƙarfe yana iya ɗaukar waya har tazarar kilomita 35, kuma ma'aunin nisan da yake bayarwa taki-taki ne na kusan mita 550. Mu ce wayar tana kilomita 10 daga ƙarfen. Abin da za ka samu a taswira shi ne wani lanƙwasasshen zirin ƙasa mai faɗin rabin kilomita, tsawonsa ya kai kilomita 21. Cikin daji ke nan, ba titi. Sannan mai kiran bai yi kiran a inda ya ajiye mutane ba. Yakan hau babur ya je inda sabis ke kamawa, kan dutse ko tudu, ya yi magana ta minti uku, ya kashe waya ya koma.

Abin da ya fi karya lissafin kuwa shi ne, galibi da wayar wanda aka kama ake kiran 'yan uwansa. Ka binciko NIN, sunan wanda ake nema a ceto ne zai fito maka.

Alhaji Sule: Injiniya, ba duka masu garkuwa ne ke daji ba. Akwai na cikin gari, akwai masu kai musu mai da burodi da magani, akwai infoma da ke zaune a cikin ƙauye yana faɗa musu wa ya sayar da shanu. Waɗannan da layinsu suke kira.

Injiniya Kabiru: Nan na yarda da kai ɗari bisa ɗari, kuma nan ne NIN ke da amfani na gaske. In aka ɗauki IMEI na wayar da aka yi ciniki da ita, aka fitar da duk layukan da suka taɓa shiga cikinta, aka fitar da lambobin da suka fi yawan magana da su cikin wata uku da suka wuce, za a ga wasu lambobi suna maimaituwa, kuma suna kwana a cikin gari. Waɗannan ake sa wa suna da NIN. Amma aiki ne na mai bincike da ke zaune da bayanan a ranar da abin ya faru, da kuma jami'an da za su tashi a daren. In takarda ta yi mako biyu tana yawo daga ofishin 'yan sanda na yanki zuwa hedikwata zuwa kamfani, an riga an jefar da layin.

Barista Hauwa: Malam Lawal, bari in ƙara maka da ɓangaren doka, don kada a ce rashin hurumi ne ya ɗaure hannun jami'ai. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanoni su adana bayanan kira da na mai layi har shekara biyu, su kuma miƙa wa hukumar tsaro idan ta nema bisa ƙa'ida. Ƙa'idojin NCC na 2019 kan sauraron waya sun ce a nemi izinin alƙali, amma in rai na cikin haɗari ana iya farawa nan take, a nemi izinin cikin awa 48. Ke nan ƙofa a buɗe take. Shi kansa Farfesa Isa Pantami, wanda a zamaninsa na ministan sadarwa aka kawo tsarin, ya fito a Janairun 2024 yana kokawa cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata.

Abin da ya dame ni shi ne ɗaya gefen. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirrin wayarsa da saƙonninsa. An ce ya sadaukar da wani ɓangare na wannan don a kare ransa. To wa ke ƙidaya sau nawa aka nemi bayanan mutane, kan wane laifi, nawa aka kai kotu? Hanyar da za a bi a gano ɗan bindiga ita ce dai za a bi a gano ɗan jarida ko mai sukar gwamna, kuma na biyun ya fi sauƙin kamawa domin yana gida, layinsa da sunansa.

Zainab: Anti Barista, ai ba ma sai jami'i ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wani shafi mai suna AnyVerify da ke sayar da bayanan NIN kan naira 100, har suka sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani don su nuna abin da gaske ne. Kafin nan a shekarar an riga an fallasa wani shafin, XpressVerify. Yadda irin wannan ke faruwa ba sai an fasa rumbun ba. Ana ba kamfanonin tantancewa lasisi da makullin shiga, su kuma suna da ƙananan dillalai a ƙarƙashinsu; in makullin ya faɗa hannun wanda bai dace ba, kuma ba mai lura cewa makulli ɗaya na tambaya dubbai a rana, sai ya buɗe shago. Takardar kuwa tana ɗauke da hoto, cikakken suna da adireshi. Duk abin da ɗan damfara ke buƙata ya kira tsohuwa ya ce daga banki yake, ya karanto mata sunanta, ta yarda ta ba shi lambar sirri.

Alhaji Sule: Zainab, wannan laifin masu riƙon amana ne. Ba za a ce a rushe rumbu don ɓera ya shiga ba, toshe ramin ake yi. An kuma yi dokar kare bayanai a Yunin 2023, da hukumarta NDPC.

Barista Hauwa: Ranka ya daɗe, duba jerin shekarun. An tilasta haɗawa a 2020, dokar kariya ta zo 2023. Kafin nan ƙa'idar hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ta 2019 ce kawai, wadda ba majalisa ce ta yi ta ba. Shekara biyu da rabi ana tara bayanan mutane da tilas kafin a kafa dokar da za ta hukunta wanda ya yi sakaci da su. Kuma wanda aka sace bayanansa ba zai iya sauya zanen yatsarsa ba, NIN kuma ɗaya ake ba mutum har abada.

Malam Lawal: To Injiniya, tunda bin sawu a daji na da wuya haka, me ka gani game da katse sabis gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a Zamfara?

Injiniya Kabiru: An gwada, Malam. A farkon Satumba 2021 aka kashe ƙarafan Zamfara baki ɗaya, aka biyo da ƙananan hukumomi 13 a Katsina, 14 a Sakkwato, da wasu sassan Kaduna. Da farko mako biyu aka ce, amma sai ƙarshen Nuwamba sabis ya koma yawancin Zamfara. Matsalarsa a fasahance biyu ce. Sabis ba ya sanin iyaka: a gabashin Sakkwato da arewacin Zamfara da Katsina, wanda ke da layin kamfanin Nijar yana kama ƙarfen tsallake, kuma NCC ba ta da iko a kansa. Na biyu, ranar da ka kashe ƙarfe, ka kashe bayanan kiran da kake bin sawu da su. Ɗan ƙauyen da ya hango babura ba shi da yadda zai kira soja, mai POS ya rufe, mai naƙuda ba a iya kiran mota.

Alhaji Sule: Amma mutanen yankin da dama sun ce a makonnin farko an samu sauƙi.

Injiniya Kabiru: An haɗa shi da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka, ga farmakin soja a lokaci guda, don haka da wuya a ware wanne ne ya yi aikin. Sannan labarin hari ma ta waya yake fitowa. In ba sabis, shiru ba ya nufin lafiya.

Malam Lawal: Na janye "komai", Alhaji, na yarda ya rage layukan bogi kuma yana iya kama infoma. Amma alkawarin da aka yi mana na masu garkuwa ne, kuma har yanzu ban ga an fito da adadin waɗanda aka yanke wa hukunci ta wannan hanyar ba. Zainab, tunda bayanan sun riga sun fita hannunmu, me mutum zai yi?

Zainab: Baba Malam, akwai abin yi. Ka fara da sanin layukan da ke kan NIN ɗinka: danna *996#, ko ka je ofishin kamfanin ka ce a nuna maka, kowane kamfani daban. Ka ga lambar da ba ka sani ba, ka sa a cire ta a rubuce, ka riƙe shaidar, domin in aka yi laifi da ita ƙofarka za a fara bugawa. Yadda ake cusa wa mutane irin wannan layin: wajen rijista ejan ya ɗauki hotonka, ya ce bai hau ba, a sake. Na biyun wani layin ya yi wa rijista da fuskarka. In an ce a sake, ka nemi ganin allon da lambar da ke kai.

Kada ka riƙa ba da hoton takardar NIN a WhatsApp ko a shagon kwafi. In wurin na karɓar vNIN, ita za ka bayar: lamba ce ta wucin gadi mai harafi da lamba 16, wadda aka yi don wannan kamfanin kaɗai, tana mutuwa bayan awa 72.

Ka sa wa katin layinka lambar sirri, ba ta allon waya ba, ta shi katin. Ɓarawon waya cire katin yake yi ya sa a ƙaramar waya, ya shiga banki ta lambobin da ake dannawa. In akwai lambar sirri, kuskure uku ya kulle, sai da PUK mai lamba 8 da ke jikin kwalin da ka sayo layin, don haka ka adana kwalin ko ka rubuta lambar a gida kafin ka fara.

Barista Hauwa: Ki ƙara musu da zancen tsohon layi, shi ne ya fi kawo rigima.

Zainab: Haka ne Anti. Layin da ya yi kusan shekara ba a yi komai da shi ba, kamfani na iya sayar wa wani, amma banki bai sani ba, saƙon kuɗi da lambar tabbatarwa za su ci gaba da zuwa can. Kafin ka yar da layi, ka je banki ka sauya lambar da ke kan asusunka da BVN, ka sauya ta ofishin NIMC, ka ɗauke WhatsApp da Facebook daga kanta. Haka in mutum ya rasu, magada su riƙe layinsa a raye, su riƙa sa masa kati suna kira da shi, har sai an kammala da bankunansa an raba gado.