Yadda ƙudan 'ya'yan itace ke yaƙar fumfuna

Ɗaliba daga Jos: Malamai, ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen tumatir a kasuwar Farin Gada, ta yaya suke tsira daga fumfuna?

Malam Sani: Idan fumfuna ta kutsa jikin ƙudan, wasu sinadarai da ke cikin jininsa sukan gane ta, su tayar da furotin mai suna Toll, daga nan kitsen jikinsa ya saki wani sinadari mai suna drosomycin wanda ke hana ta yaɗuwa. A 1996 masu bincike ƙarƙashin Jules Hoffmann a Faransa suka nuna cewa ƙudajen da Toll ɗinsu ya lalace, fumfuna hallaka su take yi.

Malama Rabi: Wannan aikin ne ya kai Hoffmann ga lambar Nobel a 2011, domin ɗan Adam ma yana da makamancin Toll.