'Yata na son karatun zanen yadi a Ingila, an ce sai ta yi shekarar share fage tukuna

Baban Ummi, Kano

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar karatun zane, musamman wanda ya taɓa yi a Ingila.

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari yau shekara 22. 'Yata ta biyu, Ummi, ta gama sakandare bara, shekarunta 18. Tun tana firamare hannunta ba ya zama: bayan kalanda, kwalin shadda, tsohon littafin rasit, duk ta cika su da zane. Da farko na ɗauka ƙuruciya ce. Abin da ya sauya mini tunani shi ne wata rana da azumi ta zo shago, na buɗe wata sabuwar atamfa ina nuna wa mai saye, bayan ya tafi sai ta ce, "Baba, dubi nan, inda zubin ya sake farawa ganyen bai hau kan ɗan'uwansa ba." Na kai yadin bakin ƙofa wajen haske, na ga haka ne, ganyen ya goce kamar faɗin farce, kuma duk bayan taƙi biyu sai ya sake gocewa. Tun daga ranar na san Allah ya ba yarinyar nan ido.

Zanen yadi take son karantawa. Kawunta, ƙanen mahaifiyarta, yana zaune a Ingila da iyalinsa, ya ce zai riƙe ta kuma zai taimaka da kuɗin makaranta. Muka nemi gurbi a wata makarantar zane a arewacin ƙasar, muka tura sakamakon WAEC da hotunan zane-zanenta guda goma sha biyu. Amsar da ta zo ita ce ba za ta shiga digiri kai tsaye ba, sai ta yi shekara ɗaya ta share fage da suke kira faundeshan.

Abubuwa uku ne suka tsaya mini a rai. Mu a nan wanda bai cika kiredit ba shi ake turawa share fage, ita kuwa kiredit bakwai gare ta har da Turanci da lissafi, to me ta rasa? Ko hanya ce ta ƙara karɓar kuɗin baƙi? Sannan ejan ɗin da ya cike mana takardu ya ce da ta gama shekarar digiri ya tabbata, amma na sa an karanta mini wasiƙar sau biyu, babu wannan maganar a ciki. Na ƙarshe, mahaifiyarta ta ji an ce a irin waɗannan makarantu ana zana mutum tsirara, kuma tun ranar hankalinta bai kwanta ba. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

'Yar Masaƙa, Leeds

Wa alaikumus salam, Baba, ina wuni. Na yi wannan shekarar da kaina kafin digirina, don haka bari in faɗi abin da na gani da idona.

Ba raina Ummi aka yi ba. A ajinmu yawanci 'yan ƙasar ne, waɗanda suka gama sakandarensu da sakamako mai kyau, kuma su ma nan suka fara. Tsohuwar al'ada ce a Ingila. Ɗan ƙasa da bai kai 19 ba kyauta yake yin ta, mu baƙi ne muke biya. Digiri kuma a Ingila shekara uku ne, to idan ka haɗa da wannan ya zama huɗu, daidai da na jami'o'inmu na gida. A Sikotland ma da digirinsu yake shekara huɗu, shekarar farko ce take yin wannan aikin.

Kashi uku aka raba ta. Makonnin farko, kusan wata biyu, ana zagayawa da kai ko'ina: yau fenti, gobe yumɓu, jibi hoto, sai ɗinki, sai buga zane a kan takarda, sai gini da kwali. Sannan ka zaɓi fanni ɗaya ka zurfafa. Daga ƙarshe ka tsara babban aiki naka na kanka, a baje shi jama'a su gani, a kansa ake ba ka sakamako.

Ranar farko ba zan manta da ita ba. Na je da fensira masu tsini da zanen fuskoki da na kwafa daga waya, ina alfahari da su. Malamar ta shimfiɗa mana takarda a ƙasa mai girman tabarma, ta ɗaura wa kowa gawayi a bakin sanda mai tsawon kamu biyu, ta tara kujeru a tsakiyar ɗaki ta ce mu zana daga tsaye. Hannu na rawa, layi na tafiya inda ya ga dama. Wata ranar ta ce mu zana hannunmu ba tare da mun kalli takardar ba. Na koma gida na yi kuka, na ce kuɗin mahaifina ya tafi a wasan yara. Sai bayan makonni na gane abin da take cire mini: ni ba kallon abu nake ba, abin da na haddace nake zanawa. Ido kaza ne, hanci kaza ne. Da aka ƙwace mini fensir da magogi, dole na tsaya na dubi kujerar da ke gabana.

Wani abu kuma, Baba, na shigo da niyyar ɗinkin kayan ƙawa, na fita a masaƙa. Makon da aka zaunar da ni gaban ƙaramar masaƙar tebur na ji zare na shiga na fita, na san nan ne wurina. Da kai tsaye na shiga digiri, da shekara uku na yi a fannin da ba nawa ba. Ummi za ta iya tabbata a zanen yadi, za ta iya kuma gano rini ko saƙa ko tangaran ne ya fi kama ta.

Maganar ejan, a yi hattara. Abubuwa daban-daban ne suke amsa wannan suna na faundeshan. Akwai difloma mai zaman kanta, wadda na yi: kana cikinta, wajen watan Janairu, za ka nemi digiri ta UCAS, wato hukumar neman gurbin jami'a ta can, da kundin ayyukanka, kuma za a iya ɗaukarka ko a ƙi. Akwai kuma wadda aka liƙa a jikin digiri mai shekara huɗu, idan ka ci sai ka wuce. Ku rubuta wa makarantar da kanku ku tambayi wacce ce, su amsa a rubuce.

Abin da Mama ta ji gaskiya ne, akwai darasin zanen jikin mutum kuma sau da yawa wanda ake zanawa ba ya sanye da kaya. Ni tun makon farko na sami malamata na gaya mata addinina bai ba ni wannan ba. Ta saurare ni, ta ba ni aikin zana 'yan aji da kayansu da mutane a tashar bas, kuma bai taɓa sakamakona ba. Amma kowace makaranta da tsarinta, wannan ma a tambaya kafin a biya ko kwabo.

Malamin Zane, Samaru

Alhaji, Allah ya yi wa Ummi albarka. 'Yarmu ta Leeds ta faɗi yadda abin yake daga ciki, ni zan ƙara da asalinsa, don ka ga ba jiya aka ƙirƙiro shi saboda kuɗin baƙi ba.

Daga Jamus ya taso, a makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a garin Weimar a 1919. Wani malami, Johannes Itten, shi ya tsara cewa duk ɗalibi sai ya fara da darasin share fage kafin ya shiga sashen saƙa ko ƙarfe ko katako. Yakan sa su taɓa abubuwa su bambance mai kaushi da mai santsi, mai nauyi da marar nauyi, haske da duhu. Bayansa Josef Albers yakan ba su takarda kawai, su naɗe su yanka har ta tsaya da ƙafarta. An rufe makarantar a 1933 zamanin 'yan Nazi, amma tsarin ya bazu. A Ingila, Victor Pasmore da Richard Hamilton a Newcastle, da Harry Thubron a Leeds, suka raya shi a shekarun 1950, sannan rahoton kwamitin William Coldstream na 1960 ya sa shekarar share fage ta zama ƙofar shiga babbar diflomar zane. Ka ga ta girme mu duka.

Kai da kake Kwari ma ka san irinta. Yaron da aka kai wajen maɗinkin babbar riga ba ranar farko ake ba shi aska takwas ya ɗinka ba. Zai daɗe yana murza zare, yana riƙe yadi, yana kallon yadda ake zana zubin kafin allura ta hau.

Sai dai ina so ka san ƙofa ba ɗaya ba ce. Nan Zariya an fara koyar da zane tun 1955, lokacin da aka dawo da sashen daga Ibadan, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi ɗalibta, suka kafa ƙungiyarsu a 1958 a kan cewa ɗan Najeriya ya haɗa abin da ya koya daga Turawa da na kakanninsa. Jami'ar tana da sashen zanen masana'antu, ana karanta yadi da tangaran da gilashi da girafik, wato zanen talla da kayan bugawa, kuma shekarun farko na kowa da kowa ne kafin mutum ya zaɓi fanni. Hanyar shiga JAMB ce, ko IJMB a shiga aji biyu. Ban ce kada ta tafi ba, kayan aiki a can sun fi, wannan ba a musu. Amma wadda za ta karanci yadi, tana zaune kusa da marinar Ƙofar Mata, tana da abin da 'yan ajinta na can sai a littafi za su gani.

Ko ina za ta, ta fara wannan gobe: littafin zane ɗaya, kullum shafi biyu, daga abin da ke gabanta ba daga waya ba. Buta, takalmi, hannun kakarta a kan carbi, dilar atamfa a shagonka. Kada ta yage shafin da ya lalace. Masu tantancewa sun fi son ganin yadda tunani ya taso ya yi tuntuɓe ya miƙe, a kan hoto ɗaya da aka goge tas.

Abu Hanif, Kaduna

Alhaji, ni ɓangaren lissafi kawai zan taɓa, ƙanena ya bi hanyar. Idan diflomar mai zaman kanta ce, tana ƙasa da matakin digiri, don haka jarrabawar Turanci sai irin wadda hukumar biza ta amince da ita, kamar IELTS ta UKVI, kuma awa 10 kacal za ta iya aiki a mako lokacin karatu, ba 20 ba. Akwai gwajin tarin fuka kafin biza, akwai kuɗin lafiya da ya koma fam 776 a shekara ga ɗalibi tun Fabrairun 2024, kuma za a sake neman biza idan za ta shiga digiri. Kayan aiki ma daga aljihunku ne: takarda, fenti, zare, buga hotuna. Ku zauna da kawunta ku lissafa shekara huɗu cif, da fam ba da naira ba. Abin da ya fi ciwo shi ne yaro ya gama shekarar farko da sakamako mai kyau, kuɗi ya yanke.

Baban Ummi, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Daren jiya bayan isha'i na tara su, Ummi ta karanta mana amsoshin nan da ƙarfi, mahaifiyarta ta sa ta maimaita na 'yarmu ta Leeds sau biyu. Mun rubuta wa makarantar da kanmu, tambaya biyu: wace irin shekara ce, da maganar darasin nan. Kawunta zai kira ranar Lahadi mu yi lissafin da Abu Hanif ya ce. Zan kuma saya mata fom ɗin JAMB na bana ta sa Zariya, kada mu rataya komai a igiya ɗaya.

Malam, yau da safe na biya na sayo littafin zane da gawayi. Tana nan shago yanzu haka, ta ja kujera gaban dilar da aka sauke jiya, tana zana yadda igiya ta nutse cikin buhun. Ta ɓata shafi ɗaya ta kai hannu za ta yage, na ce Malam ya hana. Akwai wata tambaya: in na kai ta marina ta yi wata biyu tana koyon ƙulli da tsoma yadi, hotunan wannan aikin za su shiga kundin, ko zane a takarda kaɗai ake karɓa?