Neman shawara: wace kwamfuta zan saya wa masu zane da mai haɗa bidiyo?

Mai tambaya, Agege:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin wurin ɗab'i da tallace-tallace mai ma'aikata huɗu: biyu suna zane da CorelDRAW da Photoshop, ɗaya yana haɗa bidiyon bukukuwa da Premiere Pro, ɗaya kuma tana riƙe da lissafi. Kwamfutar mai bidiyon takan tsaya cak da zarar ya ɗora mata bidiyo mai 4K, wato mai kaifin hoto sosai, har aikin da aka yi wa mai biki alkawarinsa ranar Juma'a ya kai Litinin. Niyyata in shiga Computer Village a Ikeja in saya musu iri ɗaya guda huɗu, don kada a ce na fifita wani. Shin hakan daidai ne, kuma sabuwa zan nema ko tokumbo?

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi iri ɗaya, domin za ka zuba kuɗi inda ba a bukata, ka kuma tauye wanda nauyin aikin yake kansa. Mai lissafi Core i5 (ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel) da SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri) sun ishe ta. Masu zane ka ba su RAM (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai) 16GB da allo mai IPS (nau'in allon da ke nuna launi daidai), saboda launin da suka gani ya yi kusa da wanda zai fito a takarda. Mai bidiyo shi ne zai ci rabo mafi tsoka: RAM 32GB, wanda shi ne abin da Adobe da kansu suke ba da shawara a kan aikin 4K, da katin hoto na NVIDIA RTX, da SSD guda biyu, ɗaya na manhaja ɗaya na aiki.

Tokumbo ba laifi ba ne idan HP Z ko Dell Precision ce, amma kada tambarin i7 da ke manne a jiki ya ruɗe ka. Ka sa a kunna ta ka karanta lambar da idonka, domin i7-4770, alal misali, zubi na 4 ce, ta fito ne tun 2013. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama tare da TPM 2.0, wato ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfutar.

Wata mai zanen gine-gine, Idi-Araba:
Malam ya yi bayani, sai dai ya bar maganar wuta. A ofishinmu an taɓa ɗauke wuta ana tsakiyar fitar da aiki, kafin a tayar da janareta komai ya lalace. Shi ya sa nake ganin laftof ta fi, tunda batirinta yana riƙe ta.

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja:
Gaskiyarki a kan wuta, Hajiya, kuma ga mai lissafi na yarda da laftof. Ga mai bidiyo kuwa ban yarda ba, saboda a zafin Legas laftof takan rage gudunta da kanta idan ta yi sa'o'i tana aiki mai nauyi, sannan katin hotonta a liƙe yake, ba a iya sauya shi. Ta kan tebur ta fi, a haɗa mata UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, wanda zai ɗauki ƙarfinta har da allo, kuma a cire kuɗinsa tun kafin a fara ciniki.

Wani mai shagon hoto, Mile 12:
Alhaji, ranar sayayya ka tafi da yaron naka, ya riƙo bidiyon da ke ba shi wahala a filashi, a gwada shi a gabanka na rabin sa'a, kana sauraren ƙarar fanka. Ka kuma tabbatar an rubuta lambar na'urar da tsawon garanti a jikin rasit.

Mai tambaya, Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da ta mai bidiyo da UPS ɗinta a wannan watan, tsohuwarsa kuma a sa mata SSD a ba mai lissafi, idan lambarta ta kai zubi na 8.