Jar akuyar Sakkwato ta fara wuya ne?

Ɗan Wurno: Salam jama'a, wai ni kaɗai na lura jar akuyarmu ta asali ta yi ƙaranci a kasuwar Achida? Duk barbarar yanyawa, kowa Boer, akuyar Afirka ta Kudu, yake nema.

Hajiya Gwadabawa: Wallahi hakane ɗana, ga haihuwar tagwaye ga jure zafin bazara, kuma fatarta ce fa Turawa suke kira fatar Maroko don a da ta Sahara ake fitar da ita zuwa Maroko.

Makiyayi: Shanunmu na Bokoloji ma haka, an haɗa su da Friesian, shanun Turai, saboda nono, kaska na kama maraƙin sai kuɗin magani.

Ɗan Wurno: To Hajiya ya za a yi?

Hajiya Gwadabawa: Ka daina yanka bunsurun kirki a suna, ka ware shi don barbara. NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, ma suna kiwon jar akuyar.