Wace kalma za mu sa wa "cost cap" na Formula 1?

Assalamu alaikum. Masu bin tseren motoci na Formula 1, ku matso kusa, cigiya nake yi. Jiya da dare ina rubuta labari kan kuɗin da ƙungiyoyin tseren ke kashewa, sai na zo kan "cost cap" na tsaya cak. Na rubuta na goge ya fi sau biyar, har shayina ya huce.

Ga abin da ake nufi, don wanda bai saba da harkar ba. Kafin 2021 kowace ƙungiya tana zuba kuɗi iya ƙarfinta. Manya irin su Mercedes da Ferrari da Red Bull sukan kashe sama da dala miliyan 400 a shekara, a kan motoci biyu kacal, ƙananan kuma suna biye da su suna haki. Wasu ma sun durƙushe: HRT a 2012, Caterham a 2014, Manor a farkon 2017. Bayan kamfanin Liberty Media na Amurka ya sayi harkar a 2017, sai aka zauna da FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, aka yanka adadi, aka ce daga 2021 ba mai wuce dala miliyan 145. A 2022 aka sauko da shi 140, a 2023 kuma 135, ban da ɗan ƙarin da ake yi saboda tsadar kaya da yawan tsere.

To wannan adadin da aka yanka, me za mu kira shi?

Amsoshinku sun fara shigowa, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙanina da ya ce "hular kuɗi", Allah ya shirye ka. Mu wuce.

Da yawa kun kawo "tsuke bakin aljihu", kuma ni ma shi ya fara zo mini, don kunne ya saba da shi a labarun rediyo. Sai dai ku duba wa ke tsuke bakin aljihu. Wanda abin hannunsa ya yi ƙasa ne, ko gwamnatin da bashi ya yi wa katutu. Shi ke tsukewa da kansa, don babu. Ferrari kuwa aljihunta cike yake, da za a bar ta gobe za ta ninka abin da take kashewa. Hana ta aka yi. Idan muka ce ta tsuke bakin aljihu, mai karatu zai ɗauka karayar arziki ce ta same ta.

"Kasafi" ma bai yi ba. Kasafi naka ne, kai ka tsara shi, kai za ka iya sauya shi da tsakar dare. Wannan kuwa doka ce guda a kan kowa, kuma akwai masu binciken takardu a bayanta.

Wata Hajiya ta kawo "takunkumi". Na gode, Hajiya, amma kalmar ta riga ta yi aure. Duk wanda ya ji "an ƙaƙaba takunkumi" hukunci zai tuna, irin wanda ake sa wa ƙasashe. A nan ba wanda ya yi laifi tukuna, kuma ƙungiyoyin da kansu suka amince.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya ce su a Faransanci "plafond" suke ji, wato rufin ɗaki, don haka a ce "rufin kuɗi". Ya kamo hoton daidai, abu ne da kanka ba ya wucewa. Matsalar ita ce Bahaushe in ya ji rufi kusa da kuɗi, rufin asiri zai tuna, ko kuma rufa-rufa. A harkar da kowa ke zargin kowa da ɓoye lissafi, wannan sunan zai jawo rigima.

Yanzu ga biyun da suka hana ni barci.

"Linzamin kuɗi". Wallahi tana da daɗi, kuma ta dace da tsere, tunda mu sukuwa muka gada. Doki mai ƙarfi, an ja masa linzami. Amma linzami a hannun mahayi yake, ya ja in ya so, ya saki in ya so, ba shi da lamba. Ba za ka ce "linzamin 2023 dala miliyan 135 ne" ba, bakinka ma zai ƙi.

Sai "talala", wadda wani dattijo ya kawo, Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan na daɗe ina juya ta. Dabbar da aka yi wa talala tana kiwo yadda take so, gabas ko yamma, amma iya tsawon igiya. Haka dokar take: ba a ce maka ga inda za ka sa kuɗin ba. Ka zuba a fukafukan gaban mota, ka zuba a ƙasan mota, ka ɗauki injiniyoyi, ruwanka, igiyar dai ba ta ƙaruwa. Har ma akwai abubuwan da ke wajen da'irar: albashin direbobi ba ya ciki, haka na manyan ma'aikata uku mafi tsada, haka kuɗin talla da na tafiye-tafiye. Abin da ya kayar da ita shi ne "ɗaurin talala". Matasan yau ba turke da igiya suke gani ba in an faɗe ta, ɗan siyasar da aka tsare a gidansa suke gani.

Abin da na yi a ƙarshe, na ɗauko labari na gaske na gwada kowace kalma a kansa. A Oktoba 2022 FIA ta sanar cewa Red Bull ta wuce adadin 2021, shekarar da direbanta Max Verstappen ya ƙwace kambu daga hannun Lewis Hamilton na Mercedes a zagayen ƙarshe na tseren Abu Dhabi. Abin da ya hau kai fam miliyan 1.86 ne, kashi 1.6 cikin ɗari. Tunda bai kai kashi 5 ba, dokar ta lissafa shi ƙaramin laifi. Aka ci Red Bull tarar dala miliyan 7, aka kuma rage mata kashi 10 cikin ɗari na lokacin gwajin iska, wato damar sa samfurin mota a zauren da ake hura mata iska don a ga yadda take ratsawa. Cikin abubuwan da aka ce ba ta lissafa daidai ba har da abincin ma'aikata, shi ya sa aka yi ta tsokanar su a intanet.

To ku faɗi wannan da Hausa, a baki, kamar kuna ba aboki labari a majalisa. Ni dai abin da ya fito daga bakina shi ne: Red Bull ta wuce geji.

Shi ke nan. Gejin kuɗi. Geji yana da lamba, ana auna shi, wani ne ke sa maka shi, kuma ana wuce shi. An sa geji, an ɗaga geji, an sauko da geji, ta tsaya a kan geji. Duk inda ka juya ta tana tafiya. Lokacin da Verstappen ya daki shinge a filin tseren Silverstone na Ingila a Yulin 2021, Red Bull ta ce ɓarnar ta kai kusan dala miliyan 1.8, kuma gyaran daga cikin adadin zai fita. "Hatsarin ya cinye musu geji." Ko kanike a gareji zai gane wannan ba tare da sharhi ba.

Na ga wani Malam ya rubuto cewa geji ai Turanci ne aka lanƙwasa, me ya hana mu ce "iyakar kashe kuɗi" ko "haddi". Gaskiyarka, Malam, daga bakin direbobi da masu gyaran mota ta shigo. Amma mota da taya da birki ma ta nan suka biyo, kuma maganar motoci muke yi. Haddi zai kai hankali kotun shari'a. "Iyakar kashe kuɗi" kuwa ba ta da aibi ko kaɗan, na yarda a sa ta a farkon labari don bayani, daga nan a ci gaba da geji, don kanun labari ba ya son jela.

Ga yadda na rubuta jimlar da ta tsayar da ni: "Daga 2026, shekarar da ƙungiyar Sauber ta koma sunan Audi kuma Cadillac ta shigo a matsayin ƙungiya ta 11, gejin kuɗi ya koma dala miliyan 215, saboda an shigar da wasu abubuwan da a da ba a lissafa su." Masu ƙera inji su ma suna da nasu daban, sai mu ce gejin inji.

Malam ya sake dawowa ya ce shi dai har yanzu iyaka zai rubuta. Ba komai, Malam, ka rubuta, mu ga wadda yara za su ɗauka.