Ranar da sinadarin dalma ya ruɓe a hannunka, me ka gani?

Ɗalibar kemistiri: Salam 'yan'uwa, duk wanda ya taɓa aiki da sinadaran dalma ya faɗa mana yadda ta kaya. Ni dai kwalbar tetra-asetet na dalma (wani farin sinadarin dalma da asid ɗin asetik) na buɗe jiya, abin da na sani fari tas na tarar samansa ya koma ruwan ƙasa ga warin binega, wallahi raina ya ɓaci don sati biyu nake jiran aikin nan.

Tsohon ma'aikacin lab: Danshi ne ya shiga 'yata, ya mayar miki da shi PbO2, wato haɗin dalma da oksijin mai ruwan ƙasa, shi ya sa ake ajiye shi a jiƙe da asid ɗin asetik kuma a rufe ruf. Amma naki da sauƙi tunda dalmar da oksijin take riƙe. Wanda ya tsorata ni TEL ne, wato tetra-etil na dalma da ake zubawa a fetur, inda kabon ke manne da dalmar kai tsaye, riƙon ba ƙarfi, zafi kaɗan ko haske sai ya tsinke. Mun taɓa barin samfur kusa da taga, bayan kwanaki ruwan ya gurɓace wani farin abu ya kwanta a ƙasa, ogana ya ce kar wanda ya taɓa ko da safar hannu, don ta fata yake shiga, hanta ta cire masa ɗaya daga cikin rukunan kabon huɗu (etil) da ke manne da dalmar, sauran ya wuce zuwa ƙwaƙwalwa. A 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway a Amurka bayan gubar TEL ta haukata su.

Makaniken jirgi: Baba ni har yau ina ganinsa. Ƙananan jirage masu fistin suna shan man jirgi da ake kira 100LL, akwai TEL ciki, duk da motoci sun daina tun da Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da fetur mai dalma a 2021. Ka kwance fulogi ka ga 'yan ƙwallaye ruwan toka sun toshe shi, musamman in injin ya daɗe a silo, zafin bai isa sinadarin buromin da ke cikin man ya kwashe dalmar ta fita da hayaƙi ba. Da can baki nake sa wa in hure ƙurar, yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ɗalibar kemistiri: Subhanallah yaya, ka je a auna maka jini don Allah. Baba to kwalbar tawa fa, zubarwa zan yi?

Tsohon ma'aikacin lab: Kar ki kai ta sinki. Sinadarin ne ya ruɓe, dalmar tana nan daram. Rufe ta, ki rubuta dalma a jiki, ki sa a durom ɗin sharar ƙarafa masu guba.