Mayar da Windows kan SSD: wa ya taɓa yi, yaya ta kaya?

Mai shagon fotokofi, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Laftop ɗin shagona ce, ta hannu, a Adum na saye ta. In na kunna ta da safe, sai na gama share gaban shago kafin ta farka. Na sayo SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya mai sauri, mai 256GB, tsohon faifan kuwa 500GB ne. In kwafe komai yadda yake, ko in zuba Windows sabo? Fargabata kada in rasa direban firinta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, da takardun mutane.

Ɗalibi, jami'ar KNUST, Kumasi:
Wa alaikumus salam Baaba. Ni kwafewa na yi da manhajar Clonezilla, kyauta ce, daga filash take tashi. Amma ba ta son a kai ta daga babban faifai zuwa ƙarami. Sai da na kwashe bidiyoyi zuwa wani wuri, na matse ɓangaren C, inda Windows take, ya koma ƙasa da girman SSD ɗin, sannan ta yarda. Karon farko dumsor, wato ɗauke wuta, ya katse ni a tsakiya, batirina kuwa ya daɗe da mutuwa. Na sake daga farko, ba abin da ya ɓace, domin karanta tsohon faifan kawai take yi. Ka dai lura sosai wanne ne tushe, wanne ne sabo. In ka juya su, sabon da babu komai a ciki za ka kwafe a kan tsohon, komai ya goge.

Mai gyara, Asawase:
Alhaji, ko wacce hanya ka bi, ka cire tsohon faifan kafin ka kunna ta karon farko. Na ga abin nan ya fi a ƙirga. Wani yaro ya zuba Windows sabo a SSD alhali tsohon na ciki. Windows ta ga akwai ɗan ɓangaren EFI, wanda kwamfuta ke tashi da shi, a tsohon, sai ta ci gaba da amfani da shi, ba ta yi wani a sabon ba. Kwamfuta na gudu, yaro na murna. Bayan mako ya goge tsohon don ya zuba waƙoƙi, washegari baƙin allo. Ya zo mini yana rantsuwa wai SSD ɗin jabu ne. Lafiyarsa ƙalau, makullin gidan ne aka bari a tsohon gida.

Lasisi kada ya dame ka, na Windows 10 da 11 da bod ɗin kwamfutar, wato babban allon cikinta, yake ɗaure, ba da faifai ba. In BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne, ka rubuta lambobin buɗe shi guda 48 a takarda tukuna.

'Yar Nima, Accra:
Ni a saye na sha kashi. Na ga ramin M.2, inda ake soka ƙaramin SSD, a tawa, na sayo nau'in NVMe, ashe nau'in SATA kaɗai ramin yake karɓa. Da na je canji aka miƙo mini wani a kwali wai sabo fil. Ƙanena ya duba shi da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, sai ga awannin aiki jibge. Ku duba a gaban mai shago kafin kuɗi su bar hannu.

Malamin makaranta, Tafo:
SSD na SATA na kai wajen 550MB a sakan, tsohon faifan laftop da ƙyar yake wuce 100, shi ya sa bambancin ke bayyana nan take. Sai dai ba ya ƙara wa kwamfuta TPM 2.0, ɗan guntun tsaron da Windows 11 ke nema, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Alhaji, ka san da wannan.

Mai shagon fotokofi, Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Kwafewa na yi saboda firinta, ɗan ƙanena ya taya ni bayan Isha. Tsohon faifan na naɗe shi a leda yana cikin durowa, ba mai taɓa shi sai wata ya zagayo. Yau da safe na kunna ta, ban kai ga tsintsiya ba ta riga ta tashi.